Jinjina Ga Mai Mako Na 32

Garin da Allah bai ba shi ɗan da zai fitar da shi kunya ba, jaje ya kamata a yi masa. Mu a Dingaya mun wuce nan tun ranar da Yaya Alhaji, ɗan baffana, ya dawo daga Dubai da wata jakar takardu mai ruwan zinariya a hammata. Ya zauna a zauren gidanmu, aka kawo fura ya ture ta gefe, ya ce a taya shi murna, ya yi gida a bakin teku. Aka yi kabbara. Liman ya ɗaga hannu ya roƙa masa Allah ya sa a shiga a sa'a. Wani dattijo ya tambayi ɗaki nawa ne, Yaya ya ce ciki da falo. Aka ce madalla, da hanau gara mannau. Aka tambayi yaushe za a tare. Ya buɗe jakar, ya duba takarda, ya ce mako na 32.

Zaure ya yi tsit. Sai ya yi mana bayani cikin haƙuri irin na wanda ya ga duniya. Shekara mako 52 ce. An ware ɗaya domin fenti da gyaran famfo, saura an sayar wa mutum 51, kowa da nasa makon. Idan naka ya zo ka shiga ka kwana bakwai, ka kwashe tsummokaranka kafin hantsin rana ta takwas, mai bi maka ya shigo. Turawa, in ji shi, suna kiran abin taimshiya.

Gwaggo tana bakin ƙofar cikin gida, kunnenta ya fara nauyi. Ta ce, "Kishiya?"

"Taimshiya, Gwaggo."

"Na ji, ɗan nan. Ku nawa ne wurin mijin?"

"Mu hamsin da ɗaya."

Ta riƙe haɓa. "Girkin naka sai shekara-shekara ke nan? Mu da muke huɗu ma da ƙyar muka ga ƙarshen zaman."

A yi wa tsohuwa uzuri, ko Dutse ba ta taɓa zuwa ba. Ni da na yi boko nan take na gane girman abin, na kuma ji kunyar kakanninmu. Su ma fa sun kusa gano wannan hikima. Sun ƙirƙiro watanda: a haɗa kuɗi a sayi sa, a yanka, a kasa, kowa ya ɗauki tsokarsa da hantarsa da kayan cikinsa. Illa dai watandarsu tana da babban aibi, tana ƙarewa. Kafin azahar an wanke wuƙa, an ba mahauci fata da kai, kowa ya kama gabansa ba mai bin wani ko sisi. Watandar Bature ba a yanka san. Yana nan ɗaure a turken wani, a ƙasar wani, kai kana aika kuɗin dusa da harawa duk shekara har ranar da za a kai ka makwanci, a sakamakon haka an yarje maka ka je ka kalle shi kwana bakwai. Wanda bai ga ci gaba a nan ba, ciwon idonsa ya fi ƙarfin asibitin tarayya na Birnin Kudu.

Abin yana da asali, ba shigar burtu ya yi wa duniya ba. A 1963 wani kamfani mai suna Hapimag ya fara sayar da irin wannan rabo a Suwizalan. A cikin shekarun nan dai, a tsaunukan ƙanƙarar Faransa, masu wani wurin shaƙatawa da ake kira SuperDévoluy suka riƙa shaida wa jama'a cewa sayen otal ya fi kama ɗaki araha. Amurkawa suka karɓa suka ƙara gishiri. A 1974 aka kafa RCI, inda mai mako a wannan gari zai musanya da mai mako a wancan, bayan ya biya kuɗin zama ɗan ƙungiya da kuɗin musanyar. Haka ake gane sana'a mai albarka, duk ƙofar da ka taɓa akwai mai rasit a bayanta yana murmushi.

Yadda Yaya ya shiga sahun waɗannan manya ma abin a ba jikoki labari ne. Sarin shadda da atamfa ya kai shi, kamar sauran 'yan Kantin Kwari. Yana yawo cikin wani katafaren kanti sai wata yarinya mai fara'a ta tare shi ta ce ya ci kyauta. Bai shiga gasa ba, bai yanki tikiti ba, amma ya ci. Rabo ke nan, ko kana barci sai ya tashe ka. Sharaɗin guda ne, ya zo ya saurari bayani na minti 90. Da hantsi ya shiga, bai fito ba sai da aka kira la'asar. Sau uku aka kawo shayi, sau uku aka canza masa mai bayani, kowanne ya fi na baya tsadar kwat, kowanne kuma ya rage farashi saboda shi kaɗai, kuma yau kaɗai. A kasuwar Sara idan ciniki bai kwanta maka ba sai ka kaɗe rigarka ka tafi, ka kwana kana juyi, gobe ka nemi shawarar wanda ya fi ka sanin shanu. Mutanen nan sun ɗauke wa Yaya duk wannan wahala. Yana sa hannu aka buga ƙararrawa, ma'aikata suka miƙe suna tafi. Kyautar da ya ci kuwa tikitin cin abincin dare ne a cikin kwalekwale, mutum ɗaya.

Ƙasashen Tarayyar Turai, da yake ba su san mutuncin ciniki ba, sun yi doka a 2009 cewa wanda ya sa hannu a irin wannan takarda yana da kwana 14 da zai iya fasawa ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma ba a karɓar ko ƙwandalarsa kafin kwanakin su cika. Wannan doka ta masu magana biyu ce. Yaya dattijo ne, idan ya ce ya saya, ya saya.

Makon nasa ma zaɓaɓɓe ne. Duba kalanda, na 32 yana faɗawa farkon Agusta. A lokacin zafin Dubai yana haura digiri 40, iska kamar an buɗe murfin tukunyar dambu, masu hali na garin duk sun gudu Turai. Bakin tekun naka ne kai kaɗai, ko tsuntsu ba ya gilmawa. A gida kuma marka ce tsundum, ana fama da maimai, gero ya ɗauki ciki, rafukan ƙasar Gwaram sun cika sun batse, wani lokacin su tafi da gada. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa manomi ya jingine fartanya ya tafi ya kwanta a kan yashi.

Sai kuma kuɗin kula da gini, wanda shi ne ƙashin bayan zumuncin. Duk Janairu wasiƙa takan zo, ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa ɓata a hanya ba. Ko ka je ko ba ka je ba, ko kana asibiti, ko ana zaman makokinka. A Amurka matsakaicin abin da mai mako ke biya ya wuce dala 1,000 a shekara, kuma ba a san shi da saukowa ba. Na Yaya da dirhami ake biya, dirhami kuwa a ɗaure yake da dala kamar jaki da mangala. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ba a ƙara wa ɗakin ko ƙusa ba, amma abin da Yaya ke fitarwa ya ninka uku. A nuna mini gonar da ta taɓa ninka kanta uku cikin wata tara, daga Basirka har Farin Dutse.

Ni ma Allah bai hana ni ɗanɗanar wannan ni'ima ba. Yaya bai taɓa kwana a ɗakin ba, domin Agusta ba lokacin sarinsa ba ne, saboda haka ya yanke shawarar ba da shi haya. Ya kira ni gefe bayan sallar Juma'a ya ce, "Ƙanena, shekara nawa kana cin alli a aji, ba ka taɓa hutawa ba. Karɓi makona. Daga hannun mai shi ne, babu ɗan kamasho, ya fi otal sauƙi nesa ba kusa ba." Na ce, "Yaya, Allah ya bar zumunci." A farkon Oktoban 2022 na sayar da riɗin da na noma, na haɗa da abin da na kwasa a adashin malamai, na damƙa masa kuɗin Agustan baɗi. Bayan kwana biyu ya tuna akwai kuɗin sa sunana a takardar baƙo. Bayan mako ya tuna akwai na ajiya, ko da zan fasa kofi. Na biya ina godiya, domin wanda zai hau doki ba ya ƙorafin kuɗin linzami.

Watan bai ƙare ba Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza. Jiragen Emirates ma suka daina zuwa, saboda kuɗinsu da suka maƙale a ƙasar nan. Na yi ta sintiri wurin wani ejan a Kano, kullum amsa ɗaya, a ƙara haƙuri, manya suna magana. Manya suka yi ta magana har mako na 32 na 2023 ya iso, ya same ni a gona, laka har gwiwa.

Kada wani ya ce ba a yi hutu ba. An yi. Gadon ya huta, na'urar sanyaya ɗaki ta huta, tawul huɗu suka kwana bakwai a naɗe ba wanda ya dame su, kuma duk da kuɗina. Da daddare bayan na ci tuwo nakan buɗe waya in kalli hoton falon, da labulensa da kujerarsa mai ruwan toka, in ji wata natsuwa ta sauko mini, ta mutumin da ya san yana da wurin kwana a Dubai a daren nan. Maƙwabcina da ya sayi buhun taki da kuɗin riɗinsa bai san wannan daɗi ba. Masara kawai ya samu.

Da na je wa Yaya da zancen ko za a dawo da wani abu, bai yi fushi ba. Ya sa tabarau, ya buɗe jakar nan, ya ce, "Ƙanena, tsakaninka da Allah, makon ya zo ko bai zo ba?" Na ce ya zo. Ya ce, "To, shi ya cika alkawari. Kai ne ba ka je ba." Na daɗe ina koyar da yara lissafi, ban taɓa jin hujjar da ta rufe bakina kamar wannan ba. An ɗage takunkumin biza a watan Yulin 2024, Emirates ta dawo Legas ranar 1 ga Oktoba, makona kuwa ya riga ya bi sauran makonnin duniya zuwa inda suke tafiya.

Masu hassada za su ce ai kadara ita ce abin da za ka iya sayarwa ranar da ta ɓaci. To, wa ya ce ba a sayarwa? A kasuwar eBay ta intanet akwai masu tallar makonsu a kan dala ɗaya, wasu har da alkawarin biyan kuɗin canza suna, don dai talaka ya samu shiga. Wace kadara ce ta taɓa sauko wa marasa ƙarfi haka? Kuma mai mako ba ya kaɗaici. Tun da Yaya ya furta cewa yana son sayarwa, wayarsa ba ta huta ba. Mutanen kirki daga ƙasashe daban-daban suna kira, kowa da attajirin da ya matsu ya sayi mako na 32 a kan ninkin kuɗinsa, abin da ya rage kawai Yaya ya tura kuɗin lauya da na haraji tukuna. Ya tura sau ɗaya. Attajirin ya yi tafiya, ana jiran dawowarsa.

Sana'ar tana da gwarazanta. Akwai John Palmer, Baturen Ingila da ake wa laƙabi da mai yatsan zinariya, wanda ya sayar wa dubban tsofaffi makonni a tsibirin Tenerife, har jaridar Sunday Times ta taɓa jera dukiyarsa daidai da ta Sarauniyar Ingila. A 2001 kotu ta ba shi masaukin shekara takwas, shi kaɗai, ba karɓa-karɓa. A Meziko kuwa, ƙungiyar masu safarar ƙwaya ta Jalisco ta duba ta ga akwai abin da ya kusa hodar ibilis riba, ta buɗe ofisoshin buga waya tana taimaka wa tsofaffin Amurka su rabu da makonninsu. Hukumar FBI ta ce daga 2019 zuwa 2023 mutum wajen 6,000 sun yi asarar kusan dala miliyan 300 ta wannan hanya. Mu da ake yi wa gorin 419 a kowane filin jirgi, ashe ko firamare ba mu gama ba.

Wani zai ce wannan duk harkar Nasara ce da masu yawon bakin ruwa. A'a, an yi wa masu ibada nasu tanadin. A 2002 aka rushe ganuwar Ajyad, wadda Turkawan Usmaniyya suka gina a kan dutse tana kallon Harami, aka baje dutsen, aka tayar da jerin benayen Abraj al-Bait, har da mai agogon nan da tsayinsa ya kai mita 601. Ɗaya daga cikinsu, benen Zamzam, wani kamfanin Kuwait mai suna Munshaat ya karɓi hayarsa ta shekara 24, ya yanyanka ta kwana-kwana, ya sayar da sunan sukukul intifa'i, wato takardar cin moriya, ta dala miliyan 390. Mu nan mun san sukuk da gina titi, can kuwa kwana ake saya da shi. Mai takarda yana iya shiga da kansa, ko ya sayar, ko ya ba da haya, ko ya bar wa magada. Farashi ya danganta da lokaci da kuma inda taga ta fuskanta. Goman ƙarshe na Ramadan da kuɗinta, kwanakin aikin Hajji da nasu, tagar da ke kallon Ka'aba daban da wadda ke kallon gari.

Ba ni da ta cewa a kan halaccinsa, wannan aikin malamai ne. Tausayin kakanninmu kawai nake ji, waɗanda suka bi ta Barno da Chadi da Sudan a ƙafa, suna tsayawa cirar auduga a Jazira shekara biyu ko uku don su tara kuɗin jirgin ruwa, wasu suka isa da furfura, wasu aka binne su a hanya. Da suka isa, a ƙasa suka shimfiɗa buzu, kafaɗarsu tana gugar ta wanda ba su san yarensa ba. Ba su san daɗin bin liman daga hawa na ashirin ba, cikin sanyi, da shayi a gefe, kana ɗaukar hoton masu ɗawafi kamar tururuwa kana tura wa 'yan gida. Kujerar Hajji ta haura naira miliyan 8 a 2025, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne, saboda haka an rage cunkoson talakawa ma tun daga gida.

Abin da ke ci mini rai shi ne asarar da muke tafkawa a Dingaya ba mu sani ba. Dubi zauren gidanmu. Mako 52 cur yana buɗe. Mai tallar koli ya kwana, Bafillatanin da dare ya yi wa ya kwana, almajirin da ke kan hanyar gabas ya kwana, a fito musu da tuwo da ruwan alwala, da safe a ba su koko, a raka su bakin hanya, har a ce su gai da gida. Ko rasit ba a yanka. Wai baƙonka annabinka. Da Baffa ya yi zurfin tunani irin na mutanen Suwizalan, da tuni ya kasa zauren nan. Makon Babbar Sallah da tsada, makon kaka tsaka-tsaki, makon marka da rufin ke yoyo a yi rangwame, kowa kuma ya riƙa aiko da kuɗin yaɓe duk Janairu.

Haka muka yi sake da sauran abubuwan. Ga duwatsun Birnin Kudu, Habude da Mesa, da zanen shanun da mutanen da suka riga mu suka bari a jikinsu, ga duwatsun da ake bugawa su yi amo kamar ƙararrawa, waɗanda Bernard Fagg ya zo ya yi nazarinsu tun a shekarun 1950. Wa zai je? Babu biza, babu layi a ofishin jakadanci, kuɗin mota kawai, ka dawo ka kwana a gidanka. Idan ka ce ka je can hutu ma dariya za a yi maka a majalisa. Yankari tana nan maƙwabta a Bauchi, ruwan Wikki yana ɗumi digiri 31 rani da damina, giwaye suna yawo, amma wane mutunci ne a wurin da direban tasha ma ya san hanyarsa? Audu Baƙo ya gina wurin shaƙatawa a Bagauda lokacin muna cikin Jihar Kano. Da aka ga ba mu da lokacin hutu a gida sai aka mai da shi makarantar horar da lauyoyi, kuma hakan ya yi daidai, domin ana buƙatar masu karanta wa irin su Yaya abin da suka sa wa hannu.

Wani lauyan da ya fito daga can ne ma ya duba takardar ya yi mana albishir na ƙarshe. Yarjejeniyar ba ta mutuwa da mutuwar mai ita, tana cikin abin da za a bari. Yaran Yaya goma sha ɗaya ne, kuma tun yanzu na ga alamar tarbiyya a tare da su. A ƙasar nan an sha zuwa gaban alƙali a kan gona, an sha daina gaisawa a kan kangon gida, amma a kan mako na 32 babban ɗan cewa ya yi ƙannensa sun fi shi buƙata, ƙannen suka ce ina su ina shiga gaban babba, matan suka ce sun yafe tun duniya. Liman ya ce tun da yake rabon gado bai taɓa ganin irin wannan kawaici ba.

Shekaranjiya da magariba Yaya ya kira ni. Wasiƙar Janairu ta iso. Ya ce ya yi tunani a kan abin da ya faru tsakaninmu, zuciyarsa ba ta kwanta ba, saboda haka ya ba ni makon kyauta, har abada, ni da zuriyata, gobe ma in zo mu sa hannu. Na ce, "Yaya, wannan karamci ya fi ƙarfina, kuma ba a tsallake babba a ba yaro. A fara kai wa Gwaggo." Na ji ya yi shiru. Ita dai Gwaggo na riga na gaya mata, ta ce a tambaye shi ko mijin yana ba da kuɗin cefane.